Hoton Ciki Ta Mara Ko Ta Gaba: Kada Kunya Ta Yanke Mana Shawara

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyin gama kai a Falgore da sauran ikilisiyoyinmu na ƙasar Rogo da Karaye, kun saba jin mu a kan zancen taki da iri da maganin rumbu. Yau za mu bar gona mu shiga cikin gida. Maganar tana da nauyi a baki, amma tilas ne a yi ta, gama rai ya fi buhun masara.

A daminar da ta wuce, lokacin maimai, uwargidan wani ɗan ƙungiyarmu ta yi ɓatan wata. Bayan 'yan makonni sai ta fara jin ciwo a gefe ɗaya na mara, tana kuma ganin ɗan jini baƙi-baƙi. Maigidan ya yi abin kirki, ya ɗauke ta a babur zuwa gari, aka gwada fitsari aka ce ciki ne. Aka yi mata hoto ta kan mara, mai hoton ya duba ya duba, bai ga kome a mahaifa ba. Sai ya ce ya kamata a sake dubawa ta gaba, in ba haka ba a wuce babban asibiti a ranar. Da maigidan ya ji haka ya ce, “Ba da matata ba.” Suka sayi ƙwayoyi a kemis suka komo gida.

Washegari ya same mu a gonar gwaji ya ce, “Malam, ka ji abin da aka ce za a yi wa maman yara?” To, ga inda muka yi namu laifin. Ba mu san kan zancen ba, kunya kuma ta hana mu tambaya, sai muka ce a yi haƙuri a ga abin da kwana biyu za su yi. A kwana na huɗu ta yanke jiki ta faɗi a bakin turmi. Cikin dare aka nemo mota. Aka yi mata aiki, aka ƙara mata jini leda uku, 'yan ƙungiya ne suka bayar. Allah ya yi mata sauran kwana. Amma an cire mata bututun ƙwai ɗaya, bijimin huɗa ɗaya kuma ya tafi kasuwa a tsakiyar damina. Da yardarsu muka ba da wannan labari, ba tare da suna ba. Tun daga ranar muka shiga tambayar ma'aikatan lafiya da karatu, ga kuwa abin da muka samo.

YADDA NA'URAR TAKE GANI

Abin da muke kira hoton ciki, ko sikanin, ba irin hoton ƙashi ba ne da ake yi wa wanda ya karye. Wannan da sauti yake aiki. Kowa ya san yadda ake ƙwanƙwasa kankana a ji ko ta nuna, ko a bubbuga jikin tanki a san inda ruwa ya tsaya. Haka ita ma na'urar take tura wani siririn sauti cikin jiki, ya bugi abin da ke ciki ya komo kamar amsa-kuwwa, ita kuma ta mai da shi hoto a allon gilashi. Kunnen mutum ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Na wannan na'ura kuwa miliyoyi ne. Ba wuta, ba yanka, ba allura.

Wani likitan mata a birnin Glasgow na ƙasar Sikotilan, mai suna Ian Donald, shi da wani injiniya Tom Brown da likita John MacVicar, su ne suka buga bayanin amfani da ita a mujallar likitoci ta Lancet a 1958. Asalin dabarar daga na'urar da maƙeran zamani ke duba tsagewar ƙarfe da ita ne. Da fari ta kan mara kaɗai ake yi. A cikin shekarun 1980 ne aka gyara siririn kan na'ura wanda ake sa wa ta gaba, ya bazu a asibitocin duniya. Watau ba sabon abu ba ne da ake gwaji a kan matanmu. An kusa shekara 40 ana yi wa mata a ko'ina.

A FARA SANIN LISSAFI

Likitoci ba su lissafin ciki da wata, da mako suke yi, kuma suna farawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Cikakken ciki mako 40 ne, watau kwana 280. Saboda haka in mace ta ga al'adarta ta yi jinkirin mako 2, a lissafin asibiti cikinta ya kai mako 6 ke nan.

A mako na 5 'yar jakar da ɗan zai kwanta ciki ba ta fi ƙwayar dawa ba. A mako na 6 shi kansa ɗan tayin bai wuce ƙwayar shinkafa ba, amma zuciyarsa ta fara bugawa. A mako na 7 ya kai kamar santimita 1, tsawon ƙwayar wake. A mako na 12 ya kai santimita 5 zuwa 6. Duk wannan lokaci mahaifa tana can ƙasa a ɓoye bayan ƙashin mara. Sai wajen mako na 12 take tasowa har a iya taɓa ta daga waje. Ku riƙe wannan, domin a nan bambancin hanyoyin biyu yake.

HOTO TA KAN MARA

Wannan shi ne wanda kowa ya sani. Mace ta kwanta, a shafa mata wani mai kamar koko a mara, a bi da kan na'urar a kai. In cikin ƙarami ne za a ce ta sha ruwa da yawa ta riƙe fitsari, domin cikakkiyar mafitsara takan ture hanji gefe, ta zama kamar taga da sautin zai bi ya kai mahaifa.

Amfaninsa yana da yawa. Yana hango wuri mai faɗi. Yana nuna tagwaye, da kwanciyar ɗa, da wurin da mabiyiya take, da ƙarin da ke fitowa a jikin mahaifa. In jini ya zuba a cikin ciki har ya taru a ƙarƙashin hanta, shi ne mai saurin nunawa. Shi ne aka fi samu a garuruwanmu, ba shi da nauyin kunya. Daga mako na 12 zuwa haihuwa, galibi shi ne hanya.

Amma yana da iyaka. Kafin sautin ya kai mahaifa sai ya ratsa fata da kitse da nama da mafitsara. Domin ya iya wannan doguwar tafiya, ana amfani da sauti mai kaɗawa wajen sau miliyan 3 zuwa 5 a daƙiƙa, irin wannan kuwa yana zuwa nesa amma ba ya fid da ƙananan abubuwa sosai. In mace tana da jiki, ko iska ta cika hanji, ko mahaifarta ta karkata baya kamar yadda Allah ya halicci waɗansu mata, hoton yakan yi hazo. Kamar mutum ne ya tsaya a bakin gona yana so ya ƙirga tsutsa a kan ganyen masarar da ke tsakiya.

HOTO TA GABA

Shi wannan kan na'urarsa siriri ne, kaurinsa bai fi babban yatsa da yawa ba. Ana sa masa sabuwar rigar roba, a shafa mai, a shigar da shi kaɗan ta hanyar haihuwa, kamar santimita 5 zuwa 8. Ba ya shiga mahaifa, ba ya taɓa ɗan. A bakin ƙofa yake tsayawa, ƙofar kuwa a rufe take. Ba a bukatar riƙe fitsari, sai ma a ce mace ta je ta zubar tukuna. Aikin 'yan mintoci ne. Yawancin mata sukan ce ba daɗi amma ba zafi.

Da yake yana dab da mahaifa da bututun ƙwai, ana iya amfani da sauti mai kaɗawa sau miliyan 5 zuwa 9, wanda ba ya zuwa nesa amma yana fid da abu tar. Yanzu manomin ya shiga gonar, ya tsuguna, ya ɗaga ganyen. Ta wannan hanya akan ga jakar ciki wajen mako na 5, a ga bugun zuciya wajen mako na 6. Ta kan mara kuwa akan jira kamar mako guda bayan haka, wani lokaci fiye.

Wani zai ce, mako guda kawai? Mene ne abin gaggawa? Ga macen da ba ta jin kome, ba gaggawa. Amma ga wadda ke ciwon mara ko zubar jini, wannan mako guda shi ne tsakanin allura da wuƙar likita, wani lokaci ma tsakanin rai da kabari.

CIKIN WAJEN MAHAIFA

Ƙwan mace yakan haɗu da irin namiji a cikin wani siririn bututu, sa'an nan ya gangaro mahaifa ya dasu. A cikin kowane ciki 100, ɗaya ko biyu ba su isa mahaifa ba, sukan maƙale a hanya, fiye da 90 cikin 100 na irin waɗannan kuwa a cikin bututun ne. Mahaifa an yi ta domin ta buɗe. Bututu ba haka ba ne. Ɗan tayi yana girma, bututu yana miƙewa, har ranar da zai fashe, yawanci a wata na biyu ko na uku. In ya fashe jini yakan zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Mace tana iya rasa jini mai yawa alhali zanenta bai jiƙe ba.

Irin wannan ciki ba ya rayuwa, ba kuma likitan da ya iya ciro shi ya dasa a mahaifa. Muna faɗin haka ne domin masu bi waɗanda lamirinsu zai dame su. Cire shi ba zubar da ciki ba ne irin wanda ikilisiya ke tsawatarwa a kai. Ceton ran uwa ne, a inda ba yadda za a yi a ceci ɗan.

Kafin 1883, lokacin da likita Lawson Tait na birnin Birmingham a Ingila ya yi nasarar buɗe ciki ya ɗaure bututun da ya fashe, yawancin matan da abin ya same su mutuwa suke yi. Yau kuwa in an gane shi da wuri, tun bai fashe ba, akwai waɗanda allurar metotireksat kaɗai takan ishe su, a bi su da gwajin jini har abin ya narke. Waɗansu a yi musu aiki cikin natsuwa, ba tare da neman jini cikin dare ba. Ko an cire bututu ɗaya, mace tana iya haihuwa da ɗayan. Hoto ta gaba shi ne ya fi kowace hanya gano wannan ciwo kafin ya fashe.

Ciwon sanyin da ba a yi maganinsa ba yana iya ƙuntata bututu, haka ma aikin da aka taɓa yi a wurin. Wadda ta taɓa yin irin cikin, tilas ta je hoto da wuri a ciki na gaba. Amma wajen rabin matan da abin ke samu ba a iske wani dalili a jikinsu ba. Saboda haka kada maigida ya ɗora wa matarsa zargi, kada uwar miji ta ce hannu aka sa.

In gwaji ya nuna ciki amma hoto ya nuna mahaifa wayam, abu uku ne: ko cikin bai isa gani ba, ko ya riga ya zube, ko yana waje. Ba a komawa gida da wannan amsa a zauna. Sai a yi ta gaba, ko a auna sinadarin ciki a jini a sake aunawa bayan sa'a 48, a kuma koma ranar da aka ce a koma.

KADA A YI HANZARIN CEWA YA MUTU

Akwai wani haɗari ta ɗaya gefen. Wajen mace ɗaya cikin huɗu takan ga jini a watanni ukun farko, da yawa daga cikinsu kuwa sukan haihu lafiya. Sai a je wurin hoto da cikin mako 6, a duba ta mara, ba a ga bugun zuciya ba, a ce ɗan ya mutu, a kawo maganin wankin ciki. Alhali yana da rai, ƙanƙanta ce ta ɓoye shi, ko kuwa mace ta yi kuskuren lissafin kwanakinta.

Saboda irin wannan kuskure likitocin Ingila suka tsananta ƙa'idarsu a 2011, na Amurka ma suka bi. Ba a cewa ciki ya lalace sai ɗan tayi ya kai milimita 7 ba bugun zuciya, ko jakar ta kai milimita 25 ba kome a ciki, kuma da hoto ta gaba aka auna. In akwai shakka sai a jira aƙalla kwana 7 a sake. In ta mara aka duba, a jira kwana 14. Manomin kirki ba ya kaɗe gona ya sake shuka don bai ga tsiro a kwana na uku ba. Muddin uwa ba ta cikin haɗari, ku tambaya: “Likita, nawa ne tsawonsa? Ba za a jira a sake dubawa ba?” Ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Haka kuma zancen kwantaccen ciki, da akan ce ya kwanta wata da watanni sa'an nan ya tashi. Hoto yakan raba gardama. Wani lokaci ɗan ya daɗe da mutuwa bai fita ba, wani lokaci ƙari ne, wani lokaci ba ciki ba ne sam. Kowannensu yana da magani, amma ba jira ba ne maganin.

ABIN DA MASU ƘI SUKE FAƊI

Mun zauna da dattawa da 'yan Zumuntar Mata, mun ji dalilansu, ba kuwa na banza ba ne.

Na fari, kunya. Kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Mun san 'yar da ke da cikin fari ko sunan abin ba ta iya faɗi a gaban uwarta. Amma a ranar haihuwa, in abu ya gagara a gida, ba wanda ke tuna kunya. Gara ƙaramar kunya ta minti goma da rana, a rufe da zane, da babbar kunya cikin dare a hannun duk wanda aka tarar. Ku tuna da macen nan da ke cikin Bishara ta hannun Luka sura 8, wadda ta shekara 12 tana zubar jini. Cikin taro ta kutsa ta nemi warkarwa, Ubangiji kuwa bai tsauta mata ba, ya yaba bangaskiyarta. Luka ɗin ma da ya rubuta labarin likita ne.

Na biyu, tsoron zai jawo ɓari. Mun riga mun faɗa, abin ba ya shiga mahaifa. Ana yi wa mata masu zubar jini ma, ba ya ƙara musu. Abin da ke faruwa shi ne, yawanci wadda cikinta ya riga ya fara lalacewa ita ake kai wa hoto, in ya zube bayan kwana biyu sai a ce na'ura ce. Wajen ciki 10 zuwa 20 cikin 100 sukan zube da kansu, da hoto ko ba hoto.

Na uku, namiji ne zai yi. Wannan kuka ne na gaskiya. Mace tana da iko ta roƙi a ba ta mace in akwai. In babu, tana da iko ta ce sai wata ma'aikaciya ko 'yar'uwarta ta tsaya a ɗakin. Tana da iko a bayyana mata abin da za a yi kafin a fara, a rufe ta da zane, ta ga an sa sabuwar roba a gabanta. A wurare da yawa akan bar ta ta shigar da abin da hannunta. In ta ce a tsaya, tilas a tsaya. In ta ce ba ta so, ba mai tilasta mata, ko likita ko miji. Abin da muke roƙo shi ne ta ƙi da sani, kada wani ya ƙi a madadinta cikin rashin sani.

Na huɗu, waɗansu masu hoto kuɗi kawai suke nema. Wannan ma akwai. Na'ura ba ta fi idon mai riƙe da ita ba. Akwai ɗakunan hoto da ba a san inda mai su ya koyi aikin ba. Akwai kuma iyalan da ke kashe kuɗi sau huɗu sau biyar don a gaya musu mace ce ko namiji, abin da ba a gani sosai sai wajen mako na 18 zuwa 20, ba ya kuma ƙara wa kowa lafiya. Maganin wannan ba ƙin hoto ba ne. A je inda akwai likita ko ungozomar asibiti da za su karanta takardar su yi aiki da ita. Hoto ba magani ba ne, ido ne kawai.

RA'AYINMU

Ba mu ce wannan ya fi wancan a kowane hali ba. Garma da fartanya ba kishiyoyi ba ne. Ga yadda muka ga ya dace.

Macen da ba ta jin kome, ta fara awo tun cikin watanni ukun farko, ta yi hoto ta mara a lokacin da ma'aikata suka ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa kowace mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8, na farko kafin mako 12 ya wuce, ta kuma yi hoto sau ɗaya kafin mako 24. Hoton da aka yi a watanni ukun farko yakan faɗi kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba. Wanda aka bari sai watannin ƙarshe yana iya kuskure da mako 3.

Macen da ta yi ɓatan wata, tana kuma ciwon mara, musamman gefe ɗaya, ko tana ganin jini, ta je a ranar. In an duba ta mara an ga ɗan a cikin mahaifa da bugun zuciyarsa, madalla, sau da yawa ya wadatar. In ba a gani ba, aka ce sai ta gaba, a yarda. In wurin ba su da irin na'urar, a karɓi takarda a wuce gaba.

Macen da ta yi ɓatan wata sa'an nan jiri ya kama ta, ko ta suma, ko idonta da tafin hannunta suka yi fari, ko tana gumi mai sanyi, ko tana jin ciwo a saman kafaɗa, wannan ba ta ɗakin hoto ba ce, ba ta kemis ba ce. A kai ta kai tsaye asibitin da ake yin aiki da ƙarin jini, a tafi da masu ba da jini. A yi addu'a a cikin mota.

Ba sabon darasi ba ne. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, nan maƙwabtanmu, aka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne, matan da ba su yi awo ba, waɗanda ba a kawo su ba sai da abu ya ɓaci, su suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Ga shi an shekara 40, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata wajen 75,000 suka mutu a Nijeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya duka. Masana sun ce jinkiri uku ke kashe su: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun taimako a asibiti. Na ukun ya fi ƙarfinmu mu kaɗai. Amma na fari da na biyu a hannunmu suke.

AIKIN DA KE GABAN ƘUNGIYOYI

Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa waɗannan a taronta na wannan wata.

1. A buɗe asusun lafiyar iyali dabam da na taki. Kowane ɗan ƙungiya ya zuba tiya ɗaya ko biyu da kaka, a ajiye a sayar da bazara. Ma'aji ya riƙe wani abu a hannu wanda za a iya fitarwa cikin dare ba sai an kira taro ba. A ranta, a biya bayan girbi.

2. Magatakarda da shugabar Zumuntar Mata su je da ƙafarsu asibitin Rogo da na Karaye, da duk wanda ya fi kusa da ku ta wajen Malumfashi ko Zariya, su tambayo: ana hoto? Ta mara kaɗai ko har ta gaba? Wace rana? Akwai mace mai yi? Ana aiki da ƙarin jini cikin dare? Nawa ne? A rubuta a manna a majami'a, a riƙa sabuntawa. Manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, a san hanyarsu tun kafin bukata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

3. A shirya da mai mota ɗaya ko biyu tun yanzu, a san lambar wayarsu, a daidaita kuɗi. Da damina a san hanyar da ke biyuwa in rafi ya kawo.

4. Mazaje masu lafiya su je a gwada rukunin jininsu, a rubuta a littafin ƙungiya.

5. Kowane maigida ya ba matarsa izini tun yau, a gaban shaida, cewa in ba ya nan, ya tafi cin rani ko kasuwa, ta tafi asibiti, a kuma yi mata duk binciken da likita ya ga ya wajaba in ita ta yarda.

6. Zumuntar Mata ta zaɓi mata biyu masu riƙon asiri waɗanda amarya za ta iya raɗa wa zancen ɓatan wata, su raka ta. Su koya wa 'yan'uwa sa alama a kalanda ranar da al'ada ta fara. Wadda ba ta karatu ta riƙe Lahadin.

Ga fastoci da masu bishara, muna roƙo ku ba da minti goma bayan sujada a karanta wannan takarda, maza dabam mata dabam in ya fi sauƙi. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana cewa Rahila matar Yakubu a bakin haihuwa ta rasu ba, ya kuma ajiye mana sunayen ungozoman nan biyu na Ibraniyawa a Masar waɗanda suka ceci jarirai don tsoron Allah. Abin da Littafi bai ji kunyar faɗi ba, kada mu ji kunyar faɗinsa a majami'a.

Ɗan'uwan nan da muka ba ku labarinsa, da muka je gaishe su bayan an sallamo ta, ya riƙe hannunmu ya ce, “Malam, da na san abin da na ƙi ke nan, da ni zan roƙa a yi.” Mu ma da mun sani, da ba mu ce a jira ba. Yanzu dai mun sani, ku ma kun sani. Bana da ƙungiya ta tara masa aka sayi ɗan maraƙi, uwargidan kuwa ita ce ta fara ɗaga hannu da aka nemi masu raka mata asibiti.

Allah ya kiyaye mana iyalanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya sauki masu ciki lafiya. Amin.